Me Ya Sa Wani Ke Tashi Daga Sefsis, Wani Kuma Ya Rasu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu mai ciwon suga ne. Ƙaya ta soke shi a gona, ƙafar ta kumbura har ta tara mugunya. Kwana huɗu muna ba shi kafso daga kemis, sai da ya fara sambatu muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, washegari ya rasu. An ce mana sefsis ne. Amma ƙanwata ta yi wannan ciwo tana jego, ta kuma warke. Me ya bambanta su? Daga wani mai karatu a Jega.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Ajali yana hannun Allah, sai dai akwai sabubban da aka sani.

Sefsis yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙi da ƙwayar cuta, har ta koma tana illata ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2017 ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11.

Babban abin da ke raba mai tashi da mai tafiya shi ne lokaci. Idan ƙarfin bugun jini ya faɗi ƙasa, ana so a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda, tare da ƙarin ruwa, domin kowane jinkiri yana ba ciwon damar cin wata gaɓa. Sambatun Baba alama ce ta cewa ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafin a kai nan, jiki yakan yi gargaɗi: numfashi sama-sama, tafin hannu ya yi sanyi ƙalau, mutum ya wuni bai yi fitsari ba. Wannan na ƙarshe akan yi sakaci da shi a gida.

Sai ƙarfin jiki. Tsufa da ciwon suga suna raunana garkuwa, haka nan sikila da tamowa da ƙanjamau, yayin da ƙanwarka ke da ƙuruciya. Akwai kuma tushen ciwon: muddin ba a tsaga an fitar da mugunya ba, ko kuma ba a wanke mahaifa ba idan guntun mabiyiya ya maƙale, magani kaɗai ba ya wadatarwa.

Kafson kemis kuwa, a ganina, ya fi cin lokaci a kan warkarwa, kuma yawan shansa barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Idan akwai wani mai ciwon suga a gidanku, a riƙa duba tafin ƙafarsa kullum da dare, ko ƙaramin rauni aka gani a kai shi asibiti.