Amsa ga mai tambaya kan Yamai da kasuwancinta

Ɗan'uwa, ka ce daga Tahoua kake son dawo da shagonka Yamai, kana tambayar yawan jama'a da yadda aka raba garin.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun ɗan haura miliyan 1, kuma tun daga lokacin garin sai faɗi yake ta kowace kusurwa. Gundumomi 5 ne. Huɗu suna gaɓar hagu ta kogin Kwara, ta biyar kuwa Harobanda ce, can ƙetare, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970, sai da kwalekwale ko jirgin fito ake zuwa can.

Tun 1926 da aka ɗauke babban birni daga Damagaram, albashin ma'aikata da saye da sayarwa ne ke juya garin. Shiga kasuwar Katako da hantsi ka ga amalanke shaƙe da katako da kwanon rufi, ko wurin sa ƙafa babu. Amma kuɗin haya kusa da Babbar Kasuwa zai cinye maka riba. Ni dai shawarata, nemi sabbin unguwanni na bakin gari, inda jama'a ke ƙaruwa shaguna ba su yi yawa ba. Kuma ka lissafa kuɗin dakon kaya, don rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanya sosai.