Hukuncin Sallamar Ma'aikacin Da Ya Gaza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi a Zariya. Akwai yaron da ya shekara 3 yana min aiki, yanzu kullum sai ya makara, har sau biyu burodi yana ƙonewa a hannunsa. Ya halatta in sallame shi, in riƙe albashinsa na wannan wata a madadin fulawar da na yi asara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sallamar ta halatta. Ayar Suratul Ƙasas ta siffanta mafi alherin ɗan ƙodago da ƙarfi da amana, Shari'a kuwa ba ta tilasta maka zama da wanda ya kasa aikin da ka ɗauke shi dominsa ba. Sai dai ka duba yadda kuka ƙulla. Idan kun yanke wa'adi, kamar shekara guda, ijara, wato yarjejeniyar aikin lada, ta lizimce ku, ba ka warware ta sai da uzuri tabbatacce. Idan wata-wata ne, kana iya tsayawa a ƙarshen wata.

Riƙe albashin ne ban yarda da shi ba, ɗan'uwa. Ma'aikacin da ke ƙarƙashinka amintacce ne a wurin malaman fiƙihu, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai an tabbatar da sakaci ko ganganci. Burodi yakan ƙone saboda wuta ko tanda, ba lallai barci ne ba. Ko da sakacin ne, bai dace ka zama kai ne mai ƙara, kai ne alƙali ba. Ku zauna gaban dattawan sana'arku a ƙiyasta asarar. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ce Shi ne abokin husumar mutum uku ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa.

Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta ce wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba a ba shi sanarwar mako 2 a rubuce, ko kuɗin da ke madadinta. Wannan bai saɓa wa Shari'a ba, ka cika shi.

Kafin nan, ka taɓa zaunar da shi ka tambayi abin da ke damunsa? Wanda ya shekara 3 lafiya lau, ya canza rana tsaka, wataƙila rashin lafiya ce ko nauyin gida. Ka gargaɗe shi gaban shaida, ka ɗiba masa lokaci. In bai gyara ba, biya shi cif, ku rabu ba tare da ka tozarta shi gaban abokan aikinsa ba.

Allah ne Mafi sani.