Tambaya da Amsa: Launukan monita sun rikice bayan na sa Linux

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran hotuna da buga katin biki a Jekadafari, Gombe. Na sa Linux Mint a kwamfutar tebur mai injin Intel, na haɗa ta da monita tokumbo ta wayar HDMI. Tun daga nan baƙi ya koma toka-toka, fari ya dusashe, bayan magariba kuma allon ya yi ja-ja kamar an shafa masa manja. Monitan ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar kai shi wurin mai gyara. Matsala biyu ce ta haɗu maka, kuma dukkansu a cikin saiti suke.

Ja-jan magariba shi ne mai sauƙi. Akwai tsarin rage shuɗin haske da dare don hutar da ido, sunansa Night Light, kuma Mint 22.1 da ta fito a farkon 2025 ta zo da shi a cikinta. Shiga System Settings ka kashe shi. In taka tsohuwa ce, duba kusa da agogo ko Redshift, manhajar da ke irin wannan aikin, tana kunne, ka rufe ta. Mai gyaran hoto bai kamata ya bar wannan a kunne ba ko kaɗan, don zai riƙa rage jan da babu shi a ainihin hoton.

Toka-tokan nan shi ya fi buƙatar bayani. Kwamfuta tana ƙirga hasken kowane launi daga 0 zuwa 255, talabijin kuwa daga 16 zuwa 235. Idan aka bar direban Intel, wato manhajar da ke aika hoto zuwa allo, ya zaɓa da kansa, sau da yawa yakan ɗauki abin da ke maƙale a HDMI a matsayin talabijin, musamman a girman 1920x1080, sai ya aika ƙirgen talabijin. Monitanka yana jiran 0 ya nuna baƙi ƙirin, ga shi ana miƙa masa 16. Yana jiran 255, ana ba shi 235. Ka ga dalilin da hoton ya yi kamar an lulluɓe shi da ƙurar hunturu.

Buɗe taminal (Terminal), wato tagar rubuta umarni, ka rubuta xrandr --prop. Nemi sunan mahaɗar da aka rubuta connected a gabanta, yawanci HDMI-1, a ƙasanta za ka ga layin Broadcast RGB. Sai ka rubuta:

xrandr --output HDMI-1 --set "Broadcast RGB" "Full"

Allon zai ɗan ɗauke ya dawo. Amma da ka kashe kwamfutar gyaran ya tafi, don haka saka wannan layi a Startup Applications ya riƙa tashi da kansa. Umarnin na aiki a Mint ne domin tana kan tsarin nuni na X11. Masu Ubuntu da ke kan Wayland, wani tsarin nuni daban, ba zai amsa musu ba. Masu katin NVIDIA kuma su buɗe nvidia-settings su mayar da Color Range zuwa Full.

A nan ne mutane ke tuntuɓe: dole ɓangarorin biyu, kwamfuta da monita, su yi daidai. Wasu monitocin Samsung da LG suna da saitin Black Level a maɓallansu. In ya tsaya kan ƙirgen talabijin alhali kwamfuta na aika cikakke, sai inuwa ta cushe, baƙar riga da baƙin gashi su zama abu ɗaya. Gwada da hoton da ke da duhu sosai, ka tabbata kana rarrabe naɗe-naɗen yadin.

Tunda tokumbo ne, ba ka san hannun da ya taɓa shi ba. Yi masa Factory Reset, ka zaɓi sRGB ko 6500K a saitin launi, ka rage haske, domin allo mai tsananin haske ne ke sa hoto ya fito da duhu a takarda. Kada ka sauke fayil ɗin ICC, wato na daidaita launi, na wani samfurin monita daban ka ɗora wa naka. In kana son na gaskiya, sai an auna allon da na'urar auna launi tare da manhajar DisplayCAL.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Bolari. Nawa monitan gaba ɗaya ya koma ruwan hoda, da wayar nan mai shuɗin kai nake amfani.

AMSA: Malama, taki ba laifin Linux ba ce a mafi yawan lokaci. Kunna kwamfutar ki lura da tambarin kamfani da ke fitowa kafin Linux ta tashi. In shi ma ruwan hoda ne, akasari laifin wayar nan mai shuɗin kai ne, wato VGA. Kanta na da allurai 15 a jeri uku: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Kore ya yanke, allo ya yi ruwan hoda. Shuɗi ya yanke, ya yi rawaya. Kashe komai, zare wayar, duba allura ta biyu ko ta lanƙwashe, ki miƙar da ita a hankali, ki mayar ki ɗaure sukurorin biyu. In bai canja ba, ari wata wayar ki gwada kafin ki saya.