Anti, TikTok ya cinye mini maki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aji biyu a jami'a, sashen tattalin arziki. Na gama aji ɗaya da CGPA (matsakaicin makina gaba ɗaya) 3.8, yanzu ya sauko 2.9, ga kwas biyu da zan maimaita. Na san waya ce. Sai in ɗauke ta don duba sanarwar aji a WhatsApp, ban ankara ba ina TikTok har biyun dare. Sau uku ina goge shi ina sake saukewa. Baba ya ce zai karɓe wayar, alhali a guruf ɗin ajinmu ake sanar da tes da canjin ɗakin lakca. Yaya zan yi? Ɗaliba daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Tun da 2:1, wato matakin digiri na biyu na sama, daga 3.50 yake farawa, kin faɗo 2:2, na biyu na ƙasa, ke nan, amma da sauran shekara biyu a gabanki, za a iya gyarawa.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne "biyun dare". Abin da kika karanta da rana, a cikin barci ƙwaƙwalwa take adana shi. Wadda ta kwanta biyu, ta tashi Asuba, ta shiga lakcar ƙarfe takwas, gangar jikinta kawai ke zaune a aji. Ga datar dare da kamfanonin waya suka sa wa araha, kamar da gayya.

Kada ki zargi kanki da yawa kan gogewa da sake saukewa. An gina manhajar ce ba ta da ƙarshen shafi, kuma tana lura da bidiyon da kika daɗe a kai, ta ƙaro miki irinsa. Niyya kaɗai ba ta kayar da ita, sai an nisanta hannu da wayar. Ƙanwata da ta zauna a gidana lokacin karatunta, ƙarfe goma take miƙo mini tata in jefa a durowa har bayan Asuba. Makon farko har fushi take yi da ni, kamar na ci bashinta.

Ki je wa Baba da wannan sharaɗin kafin ya yanke nasa hukuncin: waya ta kwana a ɗakin Umma. Guruf ɗin aji kuwa, dubawa sau uku a rana ta isa, kuma ki roƙi ƙawa ɗaya ta kira ki idan an sa tes na gaggawa. Handawut ɗin da ake turowa a waya, ki kai shagon kwafi a buga miki a takarda. Karatu a allon da saƙo ke faɗowa kowane minti ba ya zama.

Kwas biyun nan su za ki fara sa wa lokaci. Ki rubuto mini idan sakamakon zangon nan ya fito.