Idan takardar haraji ta iso bayan an riga an shigar da bayani

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi da mutumin da ka shigar wa bayanin harajinsa a nan Amurka a watan Fabrairu, sai ga shi ya dawo a watan Maris riƙe da takardar 1099-NEC, mai nuna kuɗin da aka biya mai aikin kansa, daga kamfanin da ya yi wa aikin kai kaya, yana so a sake aika masa wani fom na 1040, wato babban fom ɗin bayanin harajin shekara. Kada ka yi saurin aika komai. Fara ɗauko kwafin abin da aka shigar, ka ajiye shi gefen sabuwar takardar, ka duba ko kuɗin da ke cikinta ya riga ya shiga lissafi. Da yawa daga cikin direbobinmu na Bronx a birnin New York suna kawo jimillar abin da suka samu daga littafinsu ko daga bayanin banki, mu kuma mu sa shi a Schedule C, shafin bayyana ribar sana'ar kai, tun kafin takardun kamfanoni su iso. Idan haka ne, babu abin gyarawa, kuma in ka ƙara kuɗin ka sa bawan Allah ya biya haraji sau biyu a kan gumi ɗaya.

Idan kuwa kuɗin bai shiga ba, to gyara ya zama dole, kuma hanyarsa ita ce fom na 1040-X, wanda tun shekarar 2020 ake iya aika shi ta intanet. Yana da layi uku a tsaye: abin da aka faɗa da farko, bambancin da aka samu, da adadi na gaskiya, sannan akwai wurin da za ka rubuta dalili a taƙaice. Ka sake lissafin gaba ɗaya, domin kuɗin mai sana'ar kansa ba ya zuwa shi kaɗai: yana jawo harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 cikin ɗari, yana kuma iya rage rangwamen da aka ba mutum saboda ƙarancin samu ko saboda 'ya'ya. Idan yana jiran a mayar masa da rarar kuɗi, bari ta shigo tukuna kafin ka aika gyaran, don kada takardun biyu su haɗu a hanya su jawo jinkiri.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne batun lokaci. Kamfanin da ya aiko masa da takardar ya aika kwafinta ga hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, kuma kwamfutarsu za ta gwada ta da abin da muka shigar, ko da bayan shekara guda ne. Idan ta ga giɓi, wasiƙar CP2000 mai sanar da giɓin za ta zo, wani lokaci har da tarar kashi 20 cikin ɗari a kan harajin da aka rage biya. Wanda ya gyara da kansa ya biya kafin 15 ga Afrilu ba ya biyan kuɗin ruwa, wanda ya wuce ranar kuwa kuɗin ruwa na hawa masa kullum har sai ya biya. Idan gyaran rara zai kawo masa, yana da shekara 3 daga ranar shigarwa ko shekara 2 daga ranar biya, duk wanda ya fi nisa. Kada ka manta da jiha, domin New York na son fom na IT-201-X, wato nata fom ɗin gyara, cikin kwana 90 bayan gyaran na tarayya.

Wataƙila ya ce maka kuɗin kaɗan ne, a bar shi kawai. Haƙƙinsa a kanka shi ne ka bayyana masa kuskuren da abin da zai iya biyo baya, a fili kuma a rubuce. Ba ka da ikon gyara masa ba da yardarsa ba, kuma ba aikinka ba ne ka kai ƙararsa, amma kada ka yarda ya fita yana zaton shiru mafita ce.

A baɗi, kafin ka aika wa kowa bayaninsa, ka tambaye shi duk wuraren da ya yi aiki da duk asusun da ke kawo masa riba. Takardun W-2 (na albashin ma'aikaci) da 1099-NEC wa'adinsu 31 ga Janairu ne, na dillalan hannun jari sai tsakiyar Fabrairu, K-1 kuwa, takardar rabon riba ta mai hannu a kamfanin haɗin gwiwa, takan kai Maris ko ma Satumba. Wanda bai kammala tara nasa ba, ka cika masa fom na 4868 na neman ƙarin lokaci ya samu har 15 ga Oktoba, ka kuma gaya masa cewa jinkirin na shigar da takarda ne kawai, kuɗin da ake binsa a Afrilu zai biya.