Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Kiɗan Tekno Cin Kasuwa a Detroit, Garin da Aka Haife Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa a birnin Detroit na Amurka aka ƙirƙiro kiɗan tekno, amma duk lokacin da aka zo maganar manyan gidajen rawa da maƙudan kuɗin da ake samu ta wannan kiɗa, sai in ji ana ambaton Berlin da sauran biranen Turai. Shin da gaske Detroit ce tushensa? Idan haka ne, me ya hana masu shi cin moriyarsa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Wasu samari uku baƙar fata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka haɗu a makarantar sakandare ta garin Belleville da ke kusa da Detroit, su ne ake danganta wa kafa wannan kiɗa na rawa da ake haɗawa da na'urorin lantarki. Sun taso suna sauraren shirin wani mai gabatarwa a rediyo da ake kira Electrifying Mojo, wanda yakan haɗa kiɗan ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da na baƙar fatar Amurka irin su Parliament a dare guda, sai suka nemi na'urorin kiɗa na kamfanin Roland, musamman TR-808 da TR-909 masu fitar da sautin ganga, suka shiga haɗa nasu a ɗakunansu. Atkins ya kafa kamfanin faifai na Metroplex a 1985, May ya kafa Transmat a 1986, Saunderson kuma ya biyo baya da KMS a 1987.

Sai dai an haifi kiɗan ne a garin da masana'antar kiɗa ta riga ta yi wa ƙaura. Kamfanin faifai na Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959 kuma ya kai sunan Detroit ko'ina a duniya, ya tattara ya koma Los Angeles a 1972, kuma tafiyarsa ta raba garin da babbar ƙofar da mawaƙi zai bi ya isa gidajen rediyo da shagunan faifai na faɗin ƙasar. Mutanen garin ma suna ta raguwa saboda durƙushewar masana'antar motoci da ƙaurar masu hali zuwa unguwannin bayan gari. A ƙidayar 1950 mazauna Detroit sun kai kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin, amma a ta 2020 ba su kai dubu 640 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta kasa biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18. Kiɗan da rayuwarsa ta dogara ga cikar gidajen rawa ba zai yi ƙiba a garin da masu zuwa rawar suke watsewa ba. Gidan da aka fi tunawa da shi a wancan zamani, Music Institute, an buɗe shi a 1988, kuma ko shekara biyu bai cika ba aka rufe shi.

Akwai kuma matsalar yadda kasuwar kiɗa ta Amurka take rarraba hajarta. Manyan kamfanoni da gidajen rediyo sun saba kasa kiɗa gida-gida bisa irin jama'ar da suke ganin za su saya, kuma abin da suke tsammani daga saurayi baƙar fata a lokacin shi ne waƙar soyayya ko kiɗan hip-hop da ke tasowa. Kiɗan da yawancinsa babu muryar mawaƙi, babu fuskar tauraro a jikin faifai, kuma yakan ɗauki minti shida ko bakwai, bai sami gurbi a wannan rabo ba. Dokar sadarwa ta 1996, wadda ta ba kamfani ɗaya damar mallakar gidajen rediyo masu ɗimbin yawa, ta ƙara tsuke damar da mai gabatarwa yake da ita ta saka abin da ya ga dama, wato irin damar da ta haifi kiɗan tun farko.

Turawan Ingila ne suka fara buɗe masa kasuwa. A 1988 wani ɗan kasuwar faifai mai suna Neil Rushton ya tattara ayyukan makaɗan Detroit a faifai guda ƙarƙashin wani reshe na kamfanin Virgin, kuma wannan faifai ne ya kafe sunan tekno a bakin jama'a. A shekarar ce ƙungiyar Saunderson mai suna Inner City ta shiga sahun goma na farko a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989 kuwa, matasan birnin suka sami gine-gine da dama da babu kowa a ciki, kuma a ƙarƙashin ƙasa na ɗaya daga cikinsu Dimitri Hegemann ya buɗe gidan rawa na Tresor a 1991, ya riƙa gayyato makaɗan Detroit irin su Jeff Mills. Daga nan sai ya zama makaɗin da maƙwabtansa ba su san sana'arsa ba yana hawa jirgi a ƙarshen mako ya je ya cika zaure a Jamus.

A ganina, babban abin da ya bambanta biranen biyu shi ne dokar dare, kuma shi ne abin da masu sharhi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A jihar Michigan, inda Detroit take, ana daina sayar da barasa da ƙarfe biyun dare, alhali yawancin ribar gidajen rawa a waɗannan ƙasashe daga cinikin abin sha take fitowa, ba daga kuɗin shiga ba. Yammacin Berlin kuwa ta soke lokacin rufewa tun 1949, saboda haka gidan rawa yana iya buɗewa daren Asabar ya kai safiyar Litinin. Mai gida a Detroit yana da 'yan sa'o'i kaɗan da zai haɗa kuɗin haya da na ma'aikata da na makaɗi, takwaransa na Berlin kuwa yana da yini da dare. Wani bincike na ƙungiyar masu gidajen rawa ta Berlin ya nuna cewa baƙin da suka je birnin domin rawa a 2018 sun kashe kusan yuro biliyan ɗaya da rabi, kuma a watan Maris na 2024 Jamus ta sanya teknon Berlin cikin jerin al'adunta na gado. An sha gabatar da ƙudurin tsawaita lokacin zuwa ƙarfe huɗu a majalisar dokokin Michigan, amma bai zama doka ba. Ko mutum yana goyon bayan dokar ko ba ya yi, kuma masu goyon bayanta suna da hujjojinsu na tsaro da lafiyar jama'a, babu musun cewa ita ce ta yanke wa sana'ar iyakar girmanta a garin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, yanzu da kowa yake iya sa kiɗansa a intanet duniya ta ji, ashe ba a kawar da wannan matsala ba?

Amsa: An kawar da wahalar isar da kiɗa ga mai sauraro, Malama, amma ba a gyara yadda ake rabon kuɗin ba. Manhajoji irin su Spotify suna tara kuɗin da suka samu ne su raba gwargwadon yawan sauraro, kuma da zarar an saurari abu na daƙiƙa talatin an ƙidaya shi sau ɗaya, ko tsawonsa minti biyu ne ko minti takwas. Tun daga 2024 ma, duk kiɗan da bai sami sauraro dubu ɗaya a cikin shekara ba, Spotify ba ta biyan mai faifan komai a kansa. Wannan tsari ya dace da gajeriyar waƙar da ake maimaitawa a waya, amma tekno an yi shi ne domin DJ, wato mai sa faifai a wurin rawa, ya gauraya shi da wasu a zauren rawa, inda dubban mutane za su taka shi ba tare da sun san sunan wanda ya haɗa shi ba.

A nan ne ake samun kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shahararren DJ yana iya karɓar dubban daloli a dare ɗaya, alhali wanda ya kwana yana haɗa kiɗan da aka yi rawar da shi bai sami abin da ya wuce kuɗin sayen kwafi ɗaya ba. Gidajen rawa suna biyan kuɗin lasisi ga ƙungiyoyin da ke karɓar haƙƙin mawallafa, amma idan ba a rubuta abin da aka saka a daren ba, kuɗin yakan bi ƙiyasi ya faɗa aljihun waɗanda aka fi ji a rediyo. Wani DJ Ba'amurke da ake kira DVS1 ya buɗe wata manhaja mai suna Aslice a 2022, domin masu sa kiɗa su riƙa ware wani kaso na ladansu ga masu haɗa shi bisa son rai, amma a 2024 aka rufe ta, domin manyan da ke karɓar kaso mafi tsoka ba su shiga da yawa ba. Sakamakon haka shi ne mai haɗa kiɗa dole ya zama DJ mai yawo kafin ya ci abinci, yawon kuwa galibi a Turai yake, wanda ke nufin intanet ta bar ɗan Detroit a inda ta same shi, wato a filin jirgi.

Makaɗan garin sun daɗe da gane cewa kariyarsu tana cikin mallakar kayansu. Ƙungiyar Underground Resistance, wadda Mike Banks da Jeff Mills suka kafa, ta ƙi jingina da manyan kamfanoni, mambobinta ma sukan rufe fuskokinsu domin kada a sayar da surarsu a maimakon aikinsu. Lokacin da reshen kamfanin Sony na Jamus ya fitar da kwaikwayon wani faifansu na 1999 ba da yardarsu ba, magoya bayansu ne suka yi ta aika wa kamfanin saƙonnin ƙorafi har maganar ta zama abin kunya gare shi.

Tambaya: To yanzu kiɗan ya mutu ke nan a Detroit?

Amsa: Bai mutu ba. A kan titin East Grand Boulevard akwai ginin Submerge, inda ake rarraba faifan ƙananan kamfanonin garin, kuma a cikinsa akwai ɗan gidan tarihi na tekno da ake kira Exhibit 3000. Masana'antar buga faifai ta Archer, wadda take aiki tun 1965, ita ce ta buga da yawa daga cikin faifan da suka tsallaka teku. Akwai kuma bikin shekara-shekara da ake yi a dandalin Hart Plaza a ƙarshen watan Mayu, wanda tarihinsa kaɗai ya isa ya nuna halin da sana'ar take ciki. An fara shi a 2000, shiga kyauta, wani makaɗin tekno na garin mai suna Carl Craig ne ya zaɓi makaɗa, jama'a kuma suka yi cincirindo fiye da yadda aka zata, amma rikicin shugabanci da ƙarancin kuɗi suka sa ya riƙa sauya hannu. Derrick May ya riƙe shi a 2003 da 2004, Kevin Saunderson ya karɓa a 2005 ya sanya kuɗin shiga, sannan kamfanin Paxahau ya karɓe shi a 2006 yana gudanar da shi da sunan Movement. Tun daga lokacin bikin ya tsaya da ƙafafunsa, yana jawo baƙi daga ƙasashe da dama, sai dai tsadar tikiti ta sa wasu 'yan garin suna kukan cewa an fi ƙarfinsu, kuma kwana uku ne kawai a shekara.