Hukuncin Ba Wa Kamfani Zubin 'Yar Tsana Mai Gaɓoɓi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce, muna zaune a Guangzhou ta ƙasar Sin, inda maigidana yake harkar kaya. A nan na koyi gina 'yar tsana irin mai gaɓoɓi, wadda ake sa wa ƙwallo a wuya da kafaɗa da gwiwa, a ratsa igiyar roba ta cikinta, tana zama, tana tsayuwa, tana ɗaga hannu. Da yumɓu nake gina ta farko, to yumɓu ba ya jure taɓawa. Akwai kamfanonin da ake kai wa, su yi mata mazubi da silikon, su zuba rezin (wani nau'in roba mai tauri), su fitar da irinta da yawa. Wata ƙawata ta ce tunda ba ni zan zuba ba, alhakin sura yana wuyan kamfanin, su kuwa ba Musulmi ba ne. Wata kuma ta ce ai Nana A'isha ta yi wasa da 'yar tsana, don haka babu komai. Yawancin masu saye manya ne masu tara su, amma ina da burin yin wasu don yaranmu mata na gida, baƙaƙe, da atamfa da ɗankwali. Kuma al'adar kasuwar a karɓi kuɗin mutane kafin kaya su fito. Malam, ina matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki zuba kuɗinki.

Maganar ƙawarki ta farko ba ta da madafa, kuma da ita zan fara domin ita ce ta fi haɗari. Ke kika zauna da yumɓu kika fitar da goshi da hanci da leɓe, kika daidaita yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin bai ƙara ko gashin gira ba, abin da hannunki ya yi shi yake maimaitawa. Saboda haka ke ce mai surantawa a idon shari'a, kuma ke ce kika ba da umarnin a yawaita, kika biya. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa abin da aikata shi ya haramta, neman a yi maka shi ma ya haramta. Allah Ta'ala ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Kasancewar masu zubin ba Musulmi ba ne bai sauke miki komai ba, ke za a tambaya a kan abin da kika sa aka yi. Haka nan idan 'yar tsanar halal ce, kai ta kamfani ba zai haramta ta ba. Zubin da na'ura da zubin da hannu duk hukuncinsu ɗaya, abin dubawa shi ne me aka zuba, kuma don wa.

Asalin hukuncin yin surar mai rai, wadda take da jiki da inuwa, haramci ne mai tsanani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa masu surantawa su ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Sun kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya yi sura za a ɗora masa ya hura mata rai, ba kuwa zai iya ba. Wani mutum da wannan ce sana'arsa ya zo wa Ibn Abbas, da ya ji hadisin hankalinsa ya tashi, sai Ibn Abbas ya ce masa in ba makawa sai ya yi, ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya, a babin walima wajen sharhin Mukhtasar na Khalil, sun taƙaita haramcin ga surar mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓin da ba a rayuwa sai da su. 'Yar tsanarki ta cika waɗannan sharuɗɗa duka.

Sai dai ƙawarki ta biyu ma ta faɗi gaskiya, rabinta. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta suna zuwa su yi wasa tare, shi kuma yana turo su gare ta. Abu Dawud ya ruwaito cewa iska ta ɗaga labulen ma'ajiyarta, Annabi ya hango doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Wasu malamai sun ce an shafe wannan sassauci, amma Alƙali Iyad ya tabbatar da shi, ya jingina shi ga mafi yawan malamai, tare da halascin sayarwa da saye, domin 'yan mata su saba da reno tun suna ƙanana. Ibn Hajar ya kawo maganarsa. Ni ma a nan na tsaya.

To ki lura da dalilin sassaucin. Abin wasa ne a hannun yaro. Yarinya ta goya shi da tsumma, ta ba shi tuwon ƙasa, ta ja shi da ƙafa ɗaya, ta manta da shi a tsakar gida ruwa ya doke shi. Babu girmamawa a ciki, kuma akwai tarbiyya. Yanzu ki auna wannan da kasuwar da kika ce ita ce ta fi saye. Wannan nau'i ya bazu ne bayan kamfanin Volks na Japan ya fito da Super Dollfie a 1999, mai tsawon kusan santimita 60, daga nan kamfanonin Koriya ta Kudu da Sin suka shigo. Guda ɗaya tana cin ɗaruruwan daloli. Ana sa mata idon gilas, a ɗora mata gashi, a biya mai fenti na musamman ya zana mata fuska har da jan kumatu da gashin ido. Mai ita ba ya barin yaro ya kusance ta, domin rezin yana fashewa idan ya faɗi, rana kuma tana mai da shi rawaya. A kabad na gilas take zama, a yi mata suna, a ɗauke ta hoto. Shi kamfanin Volks har bikin tarbar 'yar tsana yake shirya wa masu saye a Kyoto. Ba na ganin yadda za a shigar da wannan ƙarƙashin dokin Nana A'isha. Wannan mutum-mutumi ne da aka ajiye don ado da sha'awa, kuma shi hadisin Abu Ɗalha yake nufi, cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura. Ƙera shi don manya masu tarawa bai halatta ba, ba da shi zubi bai halatta ba, kuɗinsa ma haka, domin Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa idan Allah ya haramta abu ya haramta kuɗinsa. Na san a nan ribar take, kuma na san wannan amsa za ta yi miki nauyi bayan wahalar koyo. Ba zan iya sassauta miki abin da ban ga dalilin sassauta shi ba.

Akwai kuma abin da ya ƙara muni a yawancin waɗanda ake sayarwa: ana sassaƙa jikin mace baliga da ƙirji da ƙugu filla-filla, a tallata ta tsirara a intanet. Ko don yara aka yi, wannan ba shi da wuri a hannun Musulma.

Burinki na biyu kuwa ina ƙarfafa ki a kai. Yarinyar da take Kano ko Damagaram ta riƙe 'yar tsana mai kalar fatarta, da zane da ɗankwali irin na mahaifiyarta, wannan alheri ne, ya fi ta tashi tana ganin kyau sai a farar fata da guntun siket. Ya halatta ki gina ta, ki kai kamfani su zuba, ki sayar. Amma ta zama ta yara da gaske: siffar ƙaramar yarinya, jiki ba tare da fitar da al'aura ba, a sayar da ita da sutura, a farashin da uba zai iya saya ya bar 'yarsa ta yi wasa da ita. Kada a rubuta "ta yara" a kwali alhali ke da mai saye kun san kabad za ta. Game da fuska, Shaikh Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi dari-dari da 'yan tsanan zamani masu kama da mutum sosai, ya fi son waɗanda ba a fitar da kamanninsu ba. Wasu malaman zamani sun bar sassaucin a buɗe ga duk abin wasan yara. Shawarata ki sauƙaƙa fuskar, ɗigon ido da ɗan layin baki sun ishi yarinya, ki bar idon gilas da fentin da ke sa mutum ya ɗauka za ta yi magana. Gashin ɗan Adam kuma kada a sa mata, saboda darajarsa, na roba ko zare ya wadatar. Ki tambayi kanki ma ko rezin ne ya dace da yara, tunda yana karyewa, ga ƙananan ƙugiyoyi da maganaɗisu a cikin kai waɗanda yaro zai iya haɗiyewa. Babu cuta babu cutarwa.

Cinikinki da kamfanin shi ne abin da fuƙaha'u suke kira istisna'i, wato ba da odar a ƙera maka abu, tunda kayan zubin nasu ne, aikin ma nasu. Hanafiyya sun halatta shi tun da can. Malikiyya suna shigar da shi babin salam, wato cinikin da ake biyan kuɗi a karɓi kaya daga baya, su ce a biya kuɗin gaba ɗaya a farko ko cikin kwana 3. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi tare da jinkirta kuɗi ko biya kashi-kashi, da sharaɗin a bayyana nau'i da adadi da siffa da lokacin bayarwa, har ta yarda a sa sharaɗin tara idan mai aiki ya saɓa. Kina iya aiki da wannan. Ki rubuta komai: guda nawa, tsawo nawa, wace kala, wa zai goge layin da mazubi yake bari a gefen hannu da ƙafa, wa zai ɗauki asarar wadda ta fito da kumfar iska a hanci ko yatsa. Launin fata mai duhu ya fi bayyana wurin da aka goge da samfefa, don haka ki nemi su zuba guda ɗaya ki gani ki amince kafin su ci gaba. Ki kuma sa a takarda cewa ginin asali da mazubin naki ne, ba za su zuba wa kowa ba. Majalisar nan ta yanke a Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa. Wannan ya hau kanki ke ma: kada ki sayi aikin wani ki kai a kwafa ki sayar, kamar yadda masu jabu suke yi a wannan kasuwa.

Karɓar kuɗi kafin kaya su fito ya halatta idan kin siffanta abin sosai kin kuma yanke lokaci. Sai dai cinikinki da mai saye daban, cinikinki da kamfani daban. Idan kamfani ya makara ko ya ɓata aiki, ke mai saye ya sani, ki kawo abin da kika siffanta ko ki mayar masa da kuɗinsa cif. Aibin da kika gani ki faɗa, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Idan kina son ki ci gajiyar gwanintarki a wajen manya, akwai hanya. A hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Jibrilu ya ce a yanke kan mutum-mutumin ya zama kamar bishiya. Jiki mai gaɓoɓi marar kai, irin wanda teloli da masu koyon zane suke buƙata, ya halatta ki gina ki ba da zubi, matuƙar ba a sayar da kan daban don a haɗa daga baya. Haka ƙananan kayan ɗaki, furanni, maɓallai da sarƙoƙi. Waɗanda kika riga kika gina don kasuwar manya, ki cire kawunansu ko ki shafe fuskokin, kuɗin da kika karɓa a kansu kuma ki mayar wa masu shi. Allah ne Mafi sani.